Filin Turai a Gonar Gwaggo Kulu

Duk wanda ya ce maka Gwadabe bai san ƙwallo ba, to bai taɓa zama kusa da shi a gidan kallo ba. A nan kan benci, da guntun rake a hannu, babu kocin duniyar nan da bai kora daga aiki ba. Ya sallami na Ingila, ya sallami na Sifen, akwai wani ɗan Jamus ma da ya kora sau biyu a wasa ɗaya. Abu guda ne ya rage masa, ƙafarsa ba ta taɓa haɗuwa da ƙwallo an rabu lafiya ba. Mu da muka tashi da shi a Fassi mun san haka sarai. Amma mutum ya je Legas ya yi 'yan shekaru yana gadin ƙofar wani filin wasa, ya dawo da jar riga mai zif da usur na ƙarfe rataye a wuya, me za ka ce masa? Shi dai ya ce wani Bature ne ya cire usur ɗin daga wuyansa ya rataya masa yana hawaye. Ƙararsa kuwa ba irin ta sauran usur ba ce, kamar an take wutsiyar kyanwa a cikin garwa. In ya busa a bakin kasuwa har tsallaken rafi ana ji.

Gasar ƙauyukan Rano da Kibiya gasa ce ta rani. Ana farawa bayan an kwashe amfanin gona, a gama kafin ruwan farko, don yawancin filayen gonakin mutane ne aka ara. Dokarta mai zafi ɗaya ce: ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburi fita take yi, a ba wani ƙauyen gurbinta. Ƙauyukan da ke jiran gurbi kuwa suna da yawa, wanda ya fita ya fita ke nan. Murtala mai faci, kyaftin ɗin Taurarin Fassi, shi ya yi shekaru yana zarya gidan shugaban kwamitin gasa, Alhaji Dalhatu, a kan tsohon babur ɗinsa, har aka ba mu gurbi. Ranar da aka ba mu, ƙato da shi, sai da ya yi ƙwalla.

To me ya kai Gwadabe kujerar koci? Gona ce ta kai shi. Fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe a garin da zai ɗauki raga biyu, gonar Gwaggo Kulu ta bakin rafi, ita kuwa ƙanwar mahaifin Gwadabe ce. Ya ce in ba shi ne koci ba, Gwaggo ba za ta ba da aro ba. Sai daga baya muka ji ashe ita ba ta ma san an yi wannan magana ba.

Wasannin farko aka yi mana cin kaca. Washegarin na uku Gwadabe ya tara 'yan wasa a rumfar facin Murtala, ya hau kan tayar tirela ya tsaya.

"Na gano cutar," in ji shi. "Ba ni ba ne. Ku ma ba ku ba ne sosai. Ƙasa ce."

Murtala ya ɗago daga tayar da yake liƙewa ya ce, "Koci, su waɗanda suka ci mu a sama suka buga?"

"Kyaftin, kar ka katse ni ina bayanin kimiyya. Salon da nake koya muku na Turai ne, ba ya tafiya a kan tsakuwa da kututturen dawa. Ciyawa yake so, koriya shar, ƙwallo na tafe tana sulɓi. Zan yi wa Fassi filin da mutanen Kano za su yi hayar mota su zo kallo. Kuma ku zama shaida, in muka faɗi daga gasar nan, usur ɗin nan na Bature zan ba duk wanda ya fara miƙo hannu."

Aka ce an shaida. Saminu ɗan gefe har ya fara gwada miƙa hannu, Gwadabe ya harare shi.

Daga nan ya wuce gidan Gwaggo Kulu neman izini. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ya durƙusa ya zayyana mata shirinsa.

"Ciyawa za ka shuka?" ta ce. "A gonata? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da ita?"

"Gwaggo, wannan ba irin taku ba ce. Ta Turai ce, da ilimi ake shuka ta."

"Ubanka ma da ilimi ya sayi jaki mai ido ɗaya. Je ka yi, ɗan nan. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, ko limamin Makka ne ke tsaron raga sai ya tashi ya ba ni gonata."

Gwadabe ya shiga kasuwar Rano yana bin masu sayar da iri ɗaya bayan ɗaya, yana neman irin ciyawar Turai. Wani ya yi dariya har ya ƙware, wani ya tambaye shi ko ya karya kuwa. A ƙarshe wani tsoho ya ce masa shi dai bai san ta Turai ba, amma in kore yake nema a tsakiyar rani, babu kamar alkama sabuwar tsira. Gwadabe ya dawo da buhu a bayan babur. Da aka kwance bakin buhun aka ga alkama, sai ya ce ai dama ita ce, Turawa ne suka canja mata suna. Ya kuma je ya roƙi Alhaji Dalhatu a jera mana wasannin waje tukuna har fili ya nuna. Alhaji ya yarda, don shi ma yana so ya ga ƙarshen abin.

Aka watsa iri. Gwadabe ya aro injin ban-ruwa daga masu lambu, ya ce da 'yan wasa su shayar da fili da kyau, shi zai je gidan kallo ya yi nazarin wasan da ake yi a Italiya. 'Yan wasanmu kuwa duk manoma ne 'ya'yan manoma. Ka ce da manomin rani ya shayar da ƙasa, hanya ɗaya ya sani. Suka ɗauko fartanya suka yanyanka filin fangali-fangali, kowane fangali da tudunsa zagaye da shi don ya riƙe ruwa, suka kuma ja magudana ta tsakiya daga wannan raga zuwa waccan. Aiki ne mai kyau, wallahi. Ko mai albasa ya gani sai ya yi sha'awa.

Da Gwadabe ya dawo ya gani, sai da rake ya faɗo daga bakinsa.

"Wane ne ya mayar mini da fili lambu?"

"Koci, kai ka ce a ba shi ruwa," in ji Saminu. "Haka ake ba ƙasa ruwa. In muka baje, duk ruwan rafi zai koma."

Mutane sun fara taruwa, kuma Gwadabe ba ya yarda a ga ya sha mamaki. Ya zaga ya zaga, hannu a baya, sannan ya gyaɗa kai.

"Madalla. Gwada ku na yi, kun ci. Wannan shi ne sabon salo, kowa da fangalinsa. Ɗan baya ba ya shiga fangalin ɗan tsakiya. A Turai ma haka ake yi, sai dai su a kan allo suke zanawa don ba su da ƙarfin fartanya."

Murtala ya ce, "Koci, mun gudo daga gona mun zo ƙwallo, ka sake mayar da mu gona. Yaushe za mu yi atisaye?"

"Ɗaukar tiyo ma atisaye ne, yana buɗe ƙirji."

Alkama ta tsiro, kuma gaskiya ta yi kyau. Mata masu zuwa wanki rafi sukan tsaya su kalla. Gwadabe ya hana kowa takawa, har 'yan wasa, saboda haka atisaye ya koma bayan makarantar firamare inda awaki ke kwana. Muka yi ta yawon wasannin waje ana yi mana rabon ƙwallaye.

Ranar buɗe fili Nariya ce ta zo. Tun da safe Gwadabe ya tayar da inji, wai ya ga ana yayyafa wa fili ruwa kafin wasa a talabijin. Su can yayyafi ake yi, shi kuwa ya bar inji yana aman ruwa har azahar, ya tafi guge jar rigarsa. Da aka take ƙwallon farko, ta yi taku biyu ta zauna a cikin taɓo ta ƙi motsi. Saminu ya zo da gudu ya ɗirka mata ƙafa, ƙwallo ta tsaya, takalminsa ya tafi. 'Yan Nariya mutanen fadama ne, suka dubi juna, suka tuɓe takalma, suka riƙa bin tudun fangali kamar masu zuwa cirar tumatir. Namu kuwa duk wanda ya ɗaga ƙafa zai tsallaka sai ka ji usur daga gefe.

"Koma fangalinka! Wa ya ce ka fito?"

Golanmu ya yi tsalle ɗaya ya tashi ba a gane gabansa da bayansa. Aka tashi huɗu ba ko ɗaya. Magoya bayan Nariya suna hawa a-kori-kura suna ɗaga mana hannu suna cewa, "Allah ya ba da yabanya! In kun yi girbi a aiko mana da ta alkaki!"

Gwadabe ya ce fili ne bai gama sanin 'yan wasa ba.

Ita alkama ba ta san da zancen gasa ba, girmanta kawai take yi. Kafin wasa na gaba ta kai ƙwauri, kafin na bayansa ta kai gwiwa. Aka koma ana tsayar da wasa ana neman ƙwallo da ƙafa, ƙungiyoyi biyu da alƙalin wasa a jere kamar masu neman kazar da ta ɓata. Akwai ranar da wani gajeren ɗan gaba ya tsuguna a ciki, kowa ya manta da shi, sai ganinsa aka yi ya miƙe a gaban gola da ƙwallo. Alhaji Dalhatu ya aiko a gaya wa Gwadabe ya rage tsawon abin nan kafin wasan ƙarshe, ko a kai wasan wani gari.

Gwadabe ya ce kowa ya zo da laujensa. 'Yan wasa suka ce ba za su zo ba. Sun yi shuka, sun yi ban-ruwa, in suka yi yanka kuma sai a fara kiransu ƙungiyar manoma, dama an fara. Ya kwana biyu yana tunani, sannan ya shigo rumfar faci yana murmushi.

"A Turai inji ke aske fili. To ni na samo injin da ba ya shan mai."

Injin shi ne shanun Manu, Bafulatanin da ke zaune da garkensa a tsallaken rafi. Kowace shekara bayan kaka yakan shigo da su gonaki su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Amma shuka koriya, wannan kuma ita ce ke kai makiyayi gaban alƙali. Da Gwadabe ya gaya masa buƙatarsa, Manu ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallonsa.

"Koci, sake faɗa in ji. In sa shanu a cikin alkama?"

"Ƙwarai."

"Ɗanya? Mai ruwa?"

"Ita fa."

"Aradu tun da aka haife ni ban taɓa jin manomi ya roƙi wannan ba. Ba zan sa ba sai ka faɗa a gaban mai unguwa da dattawa, kowa ya ji da kunnensa."

Haka aka yi. Bayan sallar la'asar Gwadabe ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce shi, da bakinsa, da hankalinsa, ya gayyaci shanun Manu cikin fili. Wani dattijo ya ce a bar maganar hankalin, sauran dai an ji.

Shanu suka shigo. Sai dai saniya ba ta san aski ba. Suka taru a kusurwa ɗaya suka cinye ta har ƙasa, suka bar sauran. Gwadabe ya ce ai rashin koci ne. Ya sayo dusa ya haɗa da kanwa, ya je ɗaya kusurwar ya busa usur ɗin Bature, ya zuba. Shanu suka zo. Ya koma tsakiya ya busa, ya zuba, suka biyo shi. Kwana kaɗan, ko dusar ba su gani ba, da sun ji ƙarar nan sai su taho a guje, wata farar saniya mai manyan ƙaho a gaba.

Ban taɓa ganin Gwadabe cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Ya samu 'yan wasan da ba sa mayar da magana. Ya daina zuwa atisayen mutane kwata-kwata, kullum yana fili da jar rigarsa yana busa yana nuni da hannu.

"Kyaftin, zo ka ga farar can," yakan ce. "Wallahi ta fi Saminu gane gefe. Sau ɗaya na nuna mata."

Manu ya ja shi gefe ya ce, "Koci, ka yi a hankali. Abin da ka koya wa saniya da kanwa ba ta ajiye shi. Ni da nake tare da su tun suna maruƙa, yanzu in na kira sai su tsaya suna jiran naka."

"Wannan shi ake kira horo, Manu. Ba laifinka ba ne, ba ka je Legas ba."

Abin da ya cece mu shi ne wannan shagala tasa. Wasannin da muka ci a gasar nan, duk ranakun da koci ya tafi sayen dusa ne Murtala ya ja ragama. Da su muka lallaɓa har ya zamana wasan ƙarshe ne zai raba. Saji ce za ta zo, tana gabanmu kaɗan a teburi. In muka ci, su ne za su fita. In aka yi kunnen doki ko aka ci mu, shekarun zaryar Murtala sun tashi a banza.

Murtala da kansa ya je ya roƙi Manu ya kai garken nesa ranar wasa. Manu ya kora su can bayan tsallake, inda ko hango su ba a yi.

Ranar wasan, Fassi ta cika. Fili kuwa, in ka cire fangali da kashin shanu da ke ko'ina, ya yi kore ya yi gajere, har ka rantse da gaske ne. Aka kawo wa Alhaji Dalhatu kujerar roba aka ajiye a gindin mangwaro. Gwaggo Kulu ma ta zo da tabarmarta, ta ce ba ƙwallo ta zo kallo ba, gonarta ta zo dubawa. Gwadabe yana ta kai-komo yana gaya wa baƙi yadda ya tsara komai tun daga iri.

Alƙalin wasa wani malamin makaranta ne siriri, Malam Alu, da ɗan usur ɗinsa na roba mai siririyar murya. Ya busa aka fara. Yaranmu sun saba da fangali yanzu, 'yan Saji kuwa sai tuntuɓe suke yi. Bayan hutun rabin lokaci Saminu ya ɗago kwana, mai tsaron Murtala ya taka ɗanyen kashin shanu ya tafi da baya, Murtala ya tashi shi kaɗai ya sa kai. Raga ta motsa. Fassi ta kaure da ihu, tsofaffi suna jefa hula sama. Gwadabe ya zagaya fili a guje yana dukan ƙirji.

"Kun ga amfanin taki? Ni na ce a bar shi a wurin! Ni na auna!"

Saura kaɗan a tashi, 'yan Saji sun gaji, mu kuma mun fara rungumar juna. Sai Malam Alu, yana bin ƙwallo da gudu, ya yi karo da tudun fangali ya kife. Usur ɗinsa ya yi tsalle ya nutse a cikin wani tuli mai ɗumi. Ya tsamo shi da yatsu biyu ya duba, ya ce shi kam ba zai sa wannan a bakinsa ba ko za a naɗa shi sarki. Wani ya ruga neman buta. Da an jira butar nan, da yau wani labarin nake ba ku.

Amma ga taro, ga shugaban kwamiti, ga baƙi daga Rano. Gwadabe ya cire usur daga wuyansa ya ɗaga sama, ya taka cikin fili a hankali yadda kowa zai gani.

"Lafari, ajiye wannan abin wasan yara. Ga na gaske. Bature ne ya ba ni yana hawaye."

Murtala ya taho da gudu ya riƙe masa hannu. "Koci, don girman Allah kar ka ba shi. Ga buta can an kawo. Koci, shanu!"

"Kyaftin, kana koya mini yarana ne? Sun san yau ranar wasa ce, ba ranar atisaye ba. Sakar mini hannu, mutane na kallo."

Malam Alu ya karɓa ya busa a ci gaba. Ƙarar ta tsaga garin. Muka zuba wa rafi ido. Ba abin da ya motsa.

"Kun gani?" in ji Gwadabe. "Horo!"

Ɗan Saji ya yi wa Saminu ƙeta, Malam Alu ya sake busawa, doguwa. Sai muka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Daga tsallake garken ya ɓullo gaba ɗaya, farar saniya a gaba, suka faɗo rafi ruwa na tashi, Manu a bayansu ya yar da malfa yana gudu yana kiransu da Fulatanci, ko waiwaye babu wadda ta yi.

Su inda ƙara take suka nufa. Malam Alu ya ga ƙaho sun yo kansa, ya rikice, maimakon ya tofar da usur sai ya ƙara busawa yana gudu. Yana busa suna binsa, suna binsa yana busa. Ya yi ragar Saji, golansu ya ɗare kan turke. Ya juyo ya yi wajen 'yan kallo, mai rake ya watsar da baro, mai ƙanƙara ta bar kularta. Ya nufi gindin mangwaro neman ceto wurin shugaba. Alhaji Dalhatu, mutum mai jiki da babbar riga, ban san yadda aka yi ba, sai ganinsa muka yi a kan reshe na biyu. Kujerar roba kuwa ta zama tarihi.

"Daina busawa!" Gwadabe yana ihu. "Lafari, tofar! Ku tsaya, ku koma gurabenku!"

Jin muryarsa da ganin jar riga, sai shanu suka bar Malam Alu suka yo kan mai dusa. Suka kewaye shi, wannan na lasar wuyansa, waccan na cusa hanci a aljihunsa. Da farar ta ga babu komai, ta sa ƙaho ta ƙasan rigar ta ɗaga shi, ƙafafunsa na lilo, har zif ɗin ya tsage ya faɗo zaune cikin abin da ya ce shi ya auna. Daga nan suka watsu cikin fili, kowace ta kama fangali ɗaya tana kiwo. Gaskiyarsa, sun fi 'yan wasa riƙe gurbi.

Gwaggo Kulu ko tashi ba ta yi daga tabarmarta ba. Ta ce da ta kusa da ita, "Bar su su yi, taki ne."

Alhaji Dalhatu ya yanke hukunci daga kan mangwaro, hularsa a hannu. Doka ta ce mai masaukin da ya kasa tsare fili har wasa ya watse, an ci shi uku ba ko ɗaya. Saji ta tsira, Fassi ta fita.

Gwadabe ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Ranka ya daɗe, zagon ƙasa ne! Shanun Manu ne suka yi kutse, sai na kai shi kotu!"

Manu yana haki ya ce, "Ina mai unguwa?"

Mai unguwa ya leƙo daga bayan wata a-kori-kura ya ce, "Da bakinsa ya gayyace su, a ƙofar masallaci. Duk mun ji."

"To lafari ne bai iya busa ba!"

Mutane Murtala suke kallo. Yana zaune a kan ƙwallo a tsakiyar fili, shanu na kiwo a gefensa, ya sa kai cikin gwiwa. Ƙwallon da ta fi kowace kyau a rayuwarsa ya ci, an goge ta daga kan bishiya. Ni dai na daina dariya, tausayinsa ya kama ni, haushin Gwadabe kuma ya cika ni.

Malam Alu ya zo ya miƙa wa Gwadabe usur ɗinsa. Kafin ya mayar wuya, Saminu ya ce, "Koci, alkawari. Duk wanda ya fara miƙo hannu." Ya juya zai miƙa nasa, ashe Manu ya riga shi.

"Ba ni," in ji Manu. "Ka lalata mini shanu, in ba da wannan ba ba za su koma gida ba."

Ya busa sau ɗaya, garken ya bi shi a jere suka tsallaka rafi. Har yau da yamma in ka ji ƙarar nan daga tsallake, to Manu ne ke tattara dabbobinsa, kuma duk majalisar da Gwadabe yake sai an juyo an kalle shi.

Ruwan farko ya sauka, Gwaggo Kulu ta karɓi gonarta. An shayar da ita rani guda, an zuba mata taki ba ta roƙa ba. Ta shuka gero, ya yi kyan da ba a taɓa gani ba a Fassi. Da ya fitar da kai tsuntsaye suka dame ta, ta aika wa Murtala ko yana da tsummokara. Ya ɗauko jakar jesin Taurarin Fassi gaba ɗaya ya aika mata, ya ce ba su da sauran aiki. Ta sa aka kakkafa sanduna aka sanya musu rigunan, suka tsaya cikin gero, har da na gola a bakin rafi.

Wata safiya ina wucewa tare da Murtala, sai muka hango mutum a tsakiyar gonar. Gwadabe ne, da jar rigarsa an ɗinke zif da baƙin zare. Ya tuge mai lamba huɗu ya matsar da shi hagu, ya ja da baya ya duba, ya tura mai lamba tara gaba, yana magana ƙasa-ƙasa yana nuni da hannu. Sai muryar Gwaggo Kulu daga bakin gona.

"Kai Gwadabe! Mayar mini da su inda ka same su! Jiya ma da ka gyara su, ta tsakiya tsuntsaye suka shigo."